Hannun da Baba Ya Zaɓa

Babanmu bahago ne, amma sai wanda ya zauna a rumfarsa ta gyaran agogo a kasuwar Gumel yake sanin haka. Tun yana yaro kakarmu ta raba masa hannuwan nan biyu da ludayin miya. Ci, gaisuwa, karɓa da bayarwa ta ce na dama ne, duk ranar da ya manta kuma ludayin ya tuna masa. Sauran abin da ya rage ta bar wa hagu. To da hagun nan yake riƙe matsefata ya ɗauko ƙusar da ba ta kai ƙwayar gero ba ya zaunar da ita a cikin agogo, da shi ya ciyar da mu, da shi ya kai mu makaranta. Ran Alhamis yakan ɗauki akwatinsa ya tafi kasuwar Maigatari, fatake na Damagaram su yi ta kawo masa agogunan da rairayi ya kashe, ya tashe su, wani ya biya har ya ƙara masa da dabino ya ce kado ne, wato kyauta da Faransanci.

Ni ce 'yar farinsa, saboda haka ni da shi ba mu taɓa hira irin ta mutane ba. Ba ya faɗin sunana, ba ya kallon idona. Ko ina tsaye a gabansa sai ya juya wajen Inna ya ce a tambayi malamar nan ko ta sha ruwa, don ina koyarwa a wata firamare a Sule Tankarkar. Ni ma haka nake mayar masa ta bakin Inna. Shekara arba'in da 'yan kai muna wannan aike, Inna tana tsakiya, kuma ban taɓa jin ta gaji ba, don ta nan take samun damar ƙara nata a cikin saƙon.

Rawar hannun ta zo masa a hankali. Da farko Inna ta ce shayi ne ya yi yawa, aka rage shayi, hannu bai san an yi ba. Abin mamakin ciwon shi ne in Baba ya ajiye hannuwansa a cinya, lafiya lau suke kwance. Sai ya miƙa zai ɗauki kofi ko zai sa maɓalli, nan za su fara kaɗawa, duka biyun, kamar mai tankaɗe. Likita a Kano ya duba ya ce ba cutar nan ba ce mai sandarar da jiki, wata ce daban, daga wani ɗan wuri a can cikin ƙwaƙwalwa take tasowa, ba ta kisa amma ba ta barin mutum. Ya ba da ƙwayoyi. Suka yi aiki na wani lokaci, daga baya sai barci kawai suke sa shi. An sha rubutu, an yi hayaƙi, wani Buzu a Maigatari ya ba da wata saiwa mai ɗaci wadda ya rantse ko raƙumi ya sha sai ya nutsu. Baba ya sha ya ce lallai maganin raƙumi ne.

Rumfa aka fara rufewa. Wannan kowa ya gani, kowa ya jajanta. Abin da ban ɗauka da muhimmanci ba shi ne ciyayya. A layinmu, tun kafin a haife ni, bayan sallar magariba dattawa bakwai suke shimfiɗa tabarma a ƙofar gidan babbansu, kowane gida ya fito da kwanonsa, a jera, a buɗe ɗaya bayan ɗaya, a sa hannu tare. A nan ake sanin matar wa ta iya miya, a nan ake raba gardamar ruwan sama da ta siyasa. Wata rana lomar Baba ta kuɓuce masa tsakanin kwano da baki, miya ta fallatsa a rigar na kusa da shi. Ba wanda ya ce komai. Washegari Baba ya ce likita ya hana shi gishiri, zai riƙa ci a ciki. Kwanon gidanmu bai fasa fita ba ko rana ɗaya, mai kwanon ne ya daina. Amininsa, wani dattijo mutumin Gagarawa da ya yi ritaya daga aikin gona na gwamnati ya zauna a layinmu, ya yi zarya har ya gaji. Baba ya ce gishiri. Ni kuwa na san ƙarya ce, don ni nake ganin yadda Inna take barbaɗa masa shi.

Haka aka yi shekara uku.

Ƙanena nas ne a wani asibiti a ƙasar Larabawa, kuma irin mutanen nan ne da ba sa iya ganin abu su yi shiru. Wata rana ina cikin motar komawa Gumel daga makaranta ya turo mini hoton bidiyo a waya. Wani tsoho ne aka ba shi biro ya zana da'ira mai naɗewa kamar gammo, ya zana wani abu kamar kaza ta yi tonon ƙasa. Aka tura shi cikin wata na'ura, aka fito da shi, aka sake ba shi biro, ya zana gammonsa sumul. Na kalla sau uku, na ce wa ƙanena wannan irin abin da ake haɗawa ne a yaudari mutane. Ya ce a hawa na uku na asibitinsu ake yi, da idonsa ya gani.

Ya yi mini bayani, ni kuma na kai wa Inna, Inna ta juya ta kai wa Baba da yake zaune taku uku daga inda nake. Sauti ne, irin wanda kunne ba ya ji, ɗan uwan wanda ake duba cikin mai juna biyu da shi. Ana harba shi ta wurare masu yawan gaske a kewayen kai, kowanne shi kaɗai ba ya komai, ya ratsa ƙashi ya wuce abinsa. Amma an saita su duka su haɗu a wuri ɗaya, daidai ɗan wurin nan da yake ta da rawar, a nan zafinsu yake taruwa ya kashe shi. Ba wuƙa, ba ɗinki, ko barci ba a sa mutum. Ƙanena ya ƙara da cewa har ana gwada wani mai sauƙi wanda ba ya ƙona komai, zungurar wurin kawai yake yi, ko zai taimaki masu matsananciyar damuwa da wasu cututtukan ƙwaƙwalwa, amma wannan har yanzu bincike ake. Inna ta ce in sun gama binciken a fara gwada shi a kan masu taurin kai, tana da mutum ɗaya a gida.

Baba ya ce ba mai taɓa masa kai. Kwana biyu bai sake tayar da zancen ba. A rana ta uku, Asabar ce ina gidan, da rana tsaka ya sa aka ɗauko masa akwatin aikinsa, ya zaro madubin da yake ƙara girman abu da shi, ya fita tsakar gida ya ajiye takarda a ƙasa. Ya tara hasken rana ta cikin madubin har ya zama ɗigo ɗaya. Sai dai ɗigon ya ƙi zama, yana ta yawo a kan takardar saboda hannun, ko ɗumi ba ta yi ba. Ya daɗe yana kallo. Sannan ya ce wa Inna a tambayi yaron nan, su masu harbin, nasu hannun ba ya rawa? Na buga wa ƙanena a take. Ya yi dariya ya ce na'ura ce take riƙewa, shi kuma kan ɗaure shi ake yi tam. Baba ya gyaɗa kai ya ce to mutanen sun san aiki.

Akwai wani abu guda da ƙanena ya faɗa mini ni kaɗai: hannu ɗaya ake gyarawa. Gefe ɗaya na ƙwaƙwalwa ake taɓawa a zama ɗaya, ɗaya gefen sai bayan dogon lokaci, in ma likita ya yarda, kuma ga mai shekarun Baba da nisan ƙasarmu kada mu sa rai. Ya ce fom ɗin yana tambayar hannun da mara lafiya ya fi aiki da shi. Ban yi ko tunanin minti biyu ba na ce hagu mana. Shi ma ya ce hagu. Na cike fom da hannuna, na rubuta hagu da manyan baƙaƙe har na ja layi a ƙasa. A raina na riga na ga Baba ya koma rumfarsa, gilashi maƙale a ido. Har kafinta na nemo ya canja kwanon rufin rumfar da ya fara yoyo, ban gaya wa kowa ba, wai ni mai shirya abin mamaki.

Ban tambayi Baba ba. Na sha gaya wa kaina cewa kunyar 'yar fari ce ta hana, amma gaskiya ko da bakin Inna ai da na tambaya. Gani nake na sani. Mu 'yan boko in muka cike fom sai mu ɗauka mun gama da magana.

'Yan uwa suka haɗa ƙarfi, aka yi fasfo da biza. Inna ta ce ita da jirgi sai dai na Makka, ga gwiwa, don haka ni aka ɗora wa rakiya. Wannan ita ce tafiya mafi ban dariya da na taɓa yi. Ba Inna a tsakiya, ga mu kafaɗa da kafaɗa, sa'o'i a sama. Baba bai rasa dabara ba. Sai ya dubi bayan kujerar da take gabansa ya ce ko za a samu ruwa a jirgin nan. Ni ma in dubi tawa kujerar in ce za a samu. Da aka kawo abinci ya ce wa kujera ya ƙoshi. Na san bai ƙoshi ba, cokali ne ba ya so ya ɗaga a gaban baƙi. Na rufe nawa ni ma na ce wa kujera ba na jin yunwa.

An yi kwana biyu ana ɗaukar hoton kansa, har da auna kaurin ƙashin, don wai wani ƙashin ba ya barin sautin ya wuce yadda ake so. Na Baba ya yi daidai, abin da ya ba Inna mamaki da muka gaya mata a waya. Ana gobe aiki muka shiga wajen likitar, wata mace mai fara'a, ƙanena yana tafinta. Ta duba fom, ta kama hannun hagun Baba ta ɗaga, ta ce gobe war haka wannan ya huta.

Baba ya zare hannunsa a hankali ya sa a aljihu. Ya ɗora na dama a kan tebur, yana ta kaɗawa har biron likita yana motsi.

Ƙanena ya yi masa bayani cewa ɗaya ake yi, kuma mun zaɓi na aiki. Baba ya ce ya ji ɗaya ake yi, shi ya sa ya ajiye wannan. Ƙanena ya dube ni. Ni kuwa raina ya riga ya ɓaci, na tuna zirga-zirgar biza, na tuna kafinta da sabon kwano. Ban san lokacin da na juya na dube shi ido cikin ido ba, abin da ban taɓa yi ba tunda aka haife ni.

Na ce, "Baba, da hagu kake aiki. In aka gyara dama, rumfa ta tafi ke nan har abada."

Na ɗauka zai nemi kujera ko bango ya ba su amsa. Sai ya dube ni.

Ya ce, "Na sani. Agogo na gyara su shekara hamsin, sun ishe ni, ni ma na ishe su. Hagu nawa ne ni kaɗai. Wannan kuwa da shi nake shiga mutane. Shekara uku in an miƙo mini hannu a masallaci sai in yi kamar ina gyara hula. Jikana ya kawo mini ruwa in ce ya ajiye a ƙasa. Ina cin tuwo a ɗaki kamar mai takaba. Ke kin ga rumfa a rufe, ba ki ga wannan ba."

Kunya ta kama ni, ba irin wadda muka saba ba, ta wanda ya yi shekara uku yana shiga gida yana fita bai ga abin da yake gaban idonsa ba. Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo, ni kuma na tafi gyaran rufin wani wuri. Ƙanena ya fassara wa likita abin da ya iya. Ta ce kan nasa ne, hannun ma nasa ne, za su sake lissafinsu a ɗaya gefen, aiki ya koma jibi. Ta ɗauki biro ta soke hagun da na ja wa layi.

Ranar aikin aka yi masa aski tal, ya ce wanzaminsa na Gumel ya fi su hannu. Aka sa masa allurar kashe zafi, aka ɗaura masa wani ƙarfe a kai kamar kambu, aka kifa masa wata hula mai zagaya ruwan sanyi, aka tura shi cikin na'urar da take kama da kwalbati. Ni ina wani ɗaki ina leƙe ta gilashi, ina karanta duk addu'ar da na iya har da ta shiga kasuwa. Sukan harba kaɗan, su jawo shi waje, su ce ya ɗaga hannu, ya taɓa hancinsa, ya faɗi sunan garinsu, su tambaye shi ko leɓensa ya yi nauyi, su mayar da shi. Da ɗan zafi kaɗan suke farawa don su tabbatar wurin ne, kafin su ƙara. Ya ce kansa yana juyawa kamar yana cikin kwale-kwale. A fitowa ta huɗu ko ta biyar aka miƙa masa kofi cike da ruwa. Ya karɓa, ya kai baki, ya sha, ya mayar. Rawar nan ta ɗauke kamar an yi ruwa an ɗauke. Ya ɗaga hannun yana juya shi gaba da baya, yana dubawa irin duban da yake yi wa agogon da bai yarda da shi ba. Hagun yana gefe yana ta abinsa. Na yi kuka sosai, har wata nas ta kawo mini kujera.

Mun dawo gida, amma bai fita nan da nan ba. Makonni ya yi yana tafiya kamar wanda ya sauko daga lilo, likita ta ce hakan yakan faru kuma zai wuce, ya kuwa wuce. 'Yan sannu da zuwa suka yi ta cika zaure, Baba yana miƙa wa kowa hannu, wani ma sau biyu. Rumfa aka ba wani mai gyaran waya, ya ji daɗin sabon rufi ƙwarai. Har yau in adaidaita ta bi da ni ta wajen sai na kau da kai, don ban daina jin zafin abin ba, kuma na san Baba ma yana ji. Na taɓa ganinsa ya buɗe akwatin aikin ya rufe.

Ranar da ya ce zai fita ciyayya, na karɓi girkin daga hannun Inna. Na tuƙa tuwon dawa, na kaɗa miyar kuɓewa ɗanya, mai yauƙin da ko mai lafiyayyen hannu sai ya yi dabara. Ba zan ɓoye ba, da gangan na yi, akwai sauran haushi a raina, kuma ina so layin nan duka su ga abin da aka je aka yi. Bayan magariba ya ɗauki kwanon da kansa ya fita. Ni da Inna muka zauna a tsakar gida muna jiyo muryoyinsu sama-sama, Inna tana cewa wannan dariyar tasa ce, ni ina cewa ba tasa ba ce.

Da aka kira isha ya shigo zai yi alwala. Kwano wayam. Na zaci zan ga mutum yana washe baki, sai na ga ya zauna a bakin turmi shiru. Inna ta tambaye shi ko hannun ne. Ya ce hannu lafiya lau, ko ɗigo bai zubar ba. Ya ce tabarmar ce ta yi musu yawa. Biyu daga cikin bakwai ɗin sun rasu a shekarun da yake ɓuya, ya je jana'izarsu duka, amma sai yau da ya ga gurbinsu ya san bai ci tuwon ƙarshe da su ba, yana nan bayan katanga ɗaya yana fama da gishirin ƙarya.

Sannan ya ce akwai wani abu kuma. Amininsa na Gagarawa, nasa hannun ya fara. Rabin lomarsa a tabarma take ƙarewa, gaban rigarsa duk miya. Ashe ya fi shekara a haka, kuma kullum yana fitowa.

"Ba wanda ya ko dube shi," in ji Baba. "Ana ta hira. Ni kaɗai nake kallon hannunsa."

Tausayinsa ya kama ni fiye da ranar da aka ɗaura masa ƙarfe a kai. Ya jawo buta ya fara alwala, ya wanke dama, ya wanke hagu. Da ya gama ya miƙe, ya dubi Inna, ni ina zaune taku uku daga wurin.

Ya ce, "A gaya wa malamar nan miya ta yi daɗi. Amma gobe a yi miyar kuka, a kaurara ta sosai, yadda za ta zauna a kan loma. Kuma kada wanda ya ce wa mutumin Gagarawa don shi aka yi."